Tagar Ɗakin Baba

Na ƙara ɗaki ɗaya a bayan gidanmu na Agege.
Bulo ya hau bulo, kwano ya hau katako,
sai rami biyu suka rage a bango
suna kallona kamar baki mai jiran loma.

Rasaki mai walda ya zo da ma'auni a wuya,
ya ƙwanƙwasa ƙarfe da ɗan yatsa, ya ce in saurara.
Na saurara. Ƙarfe ya amsa da muryar mai gaskiya.
"Wannan," in ji shi, "ɓarawo zai gaishe shi ya wuce."
Ban tuna masa ƙofarmu ta gaba ba,
wadda shi ya ƙera damina shida da suka wuce,
ruwa ya lasa, danshi ya lasa,
har tsatsa ta ci gindinta kamar gara a rumbu.
A Ikko ko ƙarfe ma gumi yake yi.

Ranar Asabar na bi danfo zuwa Mushin.
Ikenna ya nuna min farar roba, sumul,
ba ta son fenti, ba ta san tsatsa ba.
Bai yi dogon ciniki ba.
Ya dai ja tagar shagonsa ya rufe a kan titi,
sai janareta ya haɗiye tarinsa,
kwandasta yana wage baki a waje, babu murya,
kamar kifi a cikin kwalba.
Na tsaya. Rabona da jin numfashina
tun ranar da na sauka a garin nan.

Bambancin kuɗi, buhun albasa uku da rabi.
Hansatu ta ce, "Roba? A wannan rana?
Ka manta bokitinmu da ya dare a tsakar gida?"
Ladidi ta ce fara ta fi kyau a hoto.
Ni kuwa Baba nake gani,
wanda yana ta rufe wa ido biyu,
wanda ya shekara saba'in a ƙauyen Gumel
inda babbar hayaniya ita ce lugude da hantsi.
Na ce tsohon nan ba zan kawo shi cikin ganga ba.
Na sayi shiru, na biya lakadan.

Ya iso ranar Laraba da buta da sanda.
Ya shafa firam ɗin, hannunsa ya zame,
bai yaba ba, bai kushe ba.
Kwana ɗaya. Kwana biyu.
Tuwo yana komawa kicin da rabinsa.
A na uku da asuba ya kira ni:
"Tanimu, wa ya rasu a unguwar nan?"

Na ce babu kowa, Baba.
Ya ce, "To ina ladan? Ina mai tallan burodi?
Ka ce jirgi na bi ta bayan gidanka,
ni ban ji ko tarinsa ba.
Wanda ido ya bari, kunne ne tagarsa,
kai kuma ka sa ni a tulu ka toshe."

Na buɗe.
Ikko ta faɗo ɗakin gaba ɗayanta,
da hon, da hayaƙi, da faɗan maƙwabta cikin Yarbanci,
Baba ya gyara zama, ya ce a miƙo tuwon jiya.

Yanzu iskar hadari ce ke maido ta, ta buga,
don haka na koma wurin Rasaki, kaina a ƙasa.
Ya yi dariya har ya ajiye tabarau,
ya lanƙwasa min ɗan ƙugiya na ƙarfe
mai riƙe roba kada ta rufu.
Bai karɓi ko sisi ba. Dariyar ta ishe shi.

Ƙugiyar ta fara ja tun daminar bana.
Da yamma in jirgi ya nufi arewa
Baba yakan ɗaga yatsa, kowa ya yi tsit,
yana ƙirga taragu da kunne.
Jiya ya ce tara.
Na leƙa. Tara ne.